Mastura da Farantin Sitti

A unguwar Karantina ta Jidda aka haifi Mastura, a lungun da ke bayan masu sayar da gawayi, ƙofar gidansu na kallon tamu. Kakanta da ƙafa ya taso daga wani ƙauye a ƙasar Katsina, ya shekara bakwai a hanya kafin ya ga Ka'aba, da ya gan ta kuma bai ƙara maganar komawa ba. Saboda haka Mastura Bahaushiya ce da ba ta taɓa ganin ƙasar Hausa ba. Iyakar yawonta a duniya Makka da Madina, sai Ɗa'ifa sau biyu. Da aka rushe unguwarmu muka tattara komatsanmu muka kama ɗaki biyu tare a Waziriyya. Ita mijinta ya rasu, ni kuma nawa ya ƙara gaba ya bar ni da keken ɗinki. Duk abin da zan faɗa a kanta a gabana aka yi, wanda ba a gabana aka yi ba kuma na matse ta har ta faɗa min.

Shekararta goma sha tara tana aiki a wani gida a Abhur, can bakin teku. Ba shara take yi ba, ba girki ba. Aikinta mutum ɗaya ne: Sitti Mansura, mahaifiyar maigidan, tsohuwa mai ciwon sukari da ciwon gwiwa da girman kai. Mastura ce mai yi mata allura, ita ce mai tura mata keken marasa lafiya, ita ce ta san wace riga take so ba tare da ta faɗa ba. Tsohuwar irin matan da ne na Jidda, waɗanda aka rena a kan cewa 'yar gidan mutunci ba ta cewa tana jin yunwa, ba ta cewa ta gaji, ba ta kushe abincin da aka ajiye mata. Sai dai a karance ta a fuska, kuma kaf gidan Mastura kaɗai ta iya. Tana alfahari da wannan fiye da yadda wasu ke alfahari da 'ya'yansu. Ranar Alhamis in ta dawo gida ba ni da sakat: Sitti ta ce, Sitti ta yi, Sitti ba ta shan shayin kowa sai nata. Nakan ce mata ta ji tsoron Allah ta bar ni in ji da ɗinkina.

A cikin abubuwan da ta sani akwai guda ɗaya da ko ɗan Sitti bai sani ba. In tsohuwar ta ci abinci da gaske, ba ta taɓa cinyewa. Dole ta rage loma biyu a gefen faranti, haka uwarta ta koya mata. Amma in abincin bai kwanta mata ba, ko tana shakkar tsabtar wurin, ba za ta ce uffan ba. Za ta yi ta juya cokali tana hira, tana tura abincin kaɗan-kaɗan cikin hankicin da ke kan cinyarta, ta ƙulle ta jefa a jaka. Sai a ga faranti fes, kowa ya yi murna an ci. Ga mai ciwon sukari da aka riga aka yi wa allura, wannan ba wasa ba ne. Mastura takan lallaɓa daga baya ta ba ta dabino da madara a ɓoye, ba wadda za ta tayar da zancen a cikinsu.

Shekara uku da suka wuce aka kawo Fatouma gidan, mutuniyar Damagaram, don ta riƙa taimakawa. Mace ce doguwa mai fara'a, ba ta kai arba'in ba, kuma abin haushin shi ne ba ta da laifi. Da tana da mugun hali da abin ya zo da sauƙi. Tanti take kiran Mastura, tana rusuna mata, tana yi mata wanki in ta ga ya taru. Mastura kuwa duk ranar da Sitti ta yi dariya a kan wani abu da Fatouma ta faɗa, a nan Waziriyya nake jin sakamakonsa, don ranar ko tukunya ba ta ajiye ta a hankali.

To bana da zafi ya shigo, mutanen gidan suka shirya hutun mako biyu a Italiya, har da Sitti, wadda ta ce tana so ta ga wurin da marigayi mijinta ya riƙa ba ta labari. Mutum ɗaya za a tafi da shi don kula da ita. Mastura ba ta ma tsaya tambaya ba, ta sa na ɗinka mata abaya biyu sababbi. Sai da aka zo haɗa takardu aka ga fasfonta ya ƙare tun shekara huɗu, iƙamarta, wato takardar izinin zama, kawai take bi tana kula da ita, don ba ta taɓa tunanin wata rana za a ce ta hau jirgi ba. Lokaci ya ƙure. Madam Tahani, matar maigidan, ta ce ma'alesh, a yi haƙuri, Fatouma ta je, tunda fasfonta lafiya lau kuma tana jin Faransanci, wai ai shi da Italiyanci 'yan'uwa ne.

Ba Italiyar ce ta fi cin ran Mastura ba, ko da yake ita ma ta ci. Abin da ya hana ta sukuni shi ne mako biyu cur Sitti za ta yi a hannun wata. Ta sha gaya min cewa tsoho hannu yake sabawa da shi, ba mutum ba. In Sitti ta dawo ta ga ashe akwai wadda za ta iya, shi ke nan, kujerar da ke gefen gadonta ta zama ta Fatouma, ita kuma a mayar da ita kicin ko a ce ta je ta huta.

Kafin su tafi Madam Tahani ta sa ta zaunar da Fatouma ta koya mata komai. Ta koya mata kuwa: lokacin allura, yadda ake ɗaga ta daga keke, wane takalmi ne ba ya matsa mata, har da yadda take son a naɗe mata ɗankwali. Fatouma na rubutawa a ɗan littafi. Maganar faranti ce kaɗai ba ta faɗa ba. Da ta dawo gida ta gaya min da bakinta, tana wani murmushin da ban so ba. Na ce mata wannan ba daidai ba ne. Ta ce ai ba ƙarya ta yi ba, mantawa ta yi, kuma mai jin Faransanci ai ba ta rasa gane faranti.

Aka ba ta hutu har su dawo. Kwana uku tana zaune a kan katifa da waya a hannu kamar mai jiran sakamakon asibiti. Fatouma kuwa, da zuciyarta ɗaya, duk inda suka taka sai ta turo wa Tanti hoto, don kada ta ji an bar ta a baya.

Rana ta huɗu ita ce ranar da suka ɗauki mota suka fita ganin tsofaffin garuruwa. Tun hantsi wayar ta fara ƙara. Garin farko Siyena sunansa. Ga Fatouma a tsakiyar wani fili mai faɗi da aka shimfiɗe da jan bulo, ya ɗan gangara kamar kwano, tantabaru na yawo a ƙafarta. Ga wata doguwar hasumiya mai agogo. Ga majami'a mai zanen baƙi da fari. Ga lunguna matsattsu, benaye sun kusa haɗa kai, an rataye shanya daga taga zuwa taga. Mastura ta ja dogon tsaki ta miƙo min wayar. Ta ce in duba don Allah, wannan da lungunmu na Karantina mene ne bambancinsu, ban da su an bar musu nasu har mutane na hawa jirgi su zo kallo. A nan kam ni ma abin ya taɓa ni.

Duk hoton da ya zo sai ta buɗe shi da yatsa biyu tana neman laifi. Ɗankwalin Sitti ya karkace. An bar ta a rana. Wa ya ce a sa mata wannan rigar da safe? Laifin bai samu yadda take so ba, domin tsohuwar fuskarta a sake take. Har akwai wani ɗan bidiyo da Fatouma ke tura keken a kan duwatsun hanya, keken na tsalle, Sitti na dariya har tana riƙe ciki. Mastura ta kalle shi ya fi sau goma. Ta ce shekara goma sha tara tana kaffa-kaffa da wannan keken kada ya taka ko tsakuwa, ashe girgizar ake so.

Na ce ta ajiye wayar ta zo ta taya ni ɗinkin wata abaya. Ta zo, ta yi min ɗinkin da sai da na warware.

Bayan azahar suka isa gari na biyu, wani ƙaramin gari a kan tudu mai dogayen hasumiyoyi na dutse, San Jiminyano. Fatouma ta turo muryarta tana haki tana dariya, wai garin kamar an jera taɓarya a tsaye. Ta turo hoton wani shago da aka ajiye kan aladen daji a ƙofarsa, da haƙoransa a waje, cinyoyin nama a rataye a ciki. Ta ce Sitti ta kau da kai da suka wuce, amma kada Tanti ta damu, wurin da suka zauna cin abinci yana gaba kaɗan, kuma taliya da tumatir kawai aka kawo mata. Ta yi mata allura kafin a ci, kamar yadda aka koya mata.

Sai hoton ya shigo. Teburi a ƙarƙashin rumfa, Sitti a zaune ta ɗora jakarta a cinya, farantinta a gabanta ko ɗigon miya babu. Fatouma ta rubuta a ƙasa: Tanti, kin ga, ta cinye tas, alhamdu lillahi.

Mastura ta ƙura wa hoton ido. Na leƙa na gani, na gane, don ni ma ta gaya min sirrin. Tsohuwar da ta ga kan alade taku goma daga inda aka girka abincin, ko da zinare aka dafa shi ba za ta kai bakinta ba. Na ce ta kira yanzu-yanzu. Ta ce bari tukuna, wataƙila iskar can ta buɗe mata ciki. Na ce ta san ƙarya take yi. Ta kife wayar a kan katifa ta ce ai suna da mai Faransanci.

Gaskiya ban taɓa ganin ta haka ba, kuma na ji tsoronta a ranar. Ba mugunta ce a fuskarta ba. So take abin ya ɗan lalace, kaɗan kawai, daidai yadda Madam Tahani za ta kira ta a ruɗe tana tambaya me za a yi, kowa ya san wace ce Mastura. Ta tashi ta yi alwala, aka kira la'asar, ta yi salla. Ina kallon ta, ta daɗe a sujada amma da ta sallame idonta kan wayar ya fara sauka. Na yi niyyar in ɗauka in kira da kaina, sai dai a kulle take, kuma ba ni da lambar kowa a cikinsu.

Kusan minti arba'in aka yi haka. Sai wani hoton ya shigo, an ɗauke shi daga can sama. Rufin gidaje jajaye, gonakin inabi har iyakar gani. Fatouma ta ce sun hau hasumiya ita da Madam da maigida, matakala ta fi ɗari biyu. Sitti da kanta ta ce su je duka, ita a bar ta a inuwa kusa da wata tsohuwar rijiya a tsakiyar fili, wurin ya yi mata daɗi.

Mastura ta miƙe tsaye. Sitti ba ta taɓa yarda a bar ta ita kaɗai a cikin mutane ba, sai in hannunta ya fara rawa tana so kada a gani. Wannan karon da kanta ta danna kira.

"Fatouma, sauko. Yalla, sauko yanzu, kada ki tsaya gaya wa kowa. Sitti ba ta ci komai ba."

"Tanti, ta ci fa, da idona na ga farantin."

"Abincin yana cikin jakarta. Ki sauko kawai, kada ki kashe wayar."

Muna jin takun ƙafarta a kan matakala, tana ba mutane haƙuri da Faransanci tana ratsa su. Mastura na zagaye ɗakin tana salati. Da Fatouma ta isa rijiyar sai muryarta ta canza. Ta ce Sitti ta jiƙe da gumi, kanta ya langaɓe, tana kiran ta da wani suna daban. Mastura ta tambaya ko idonta a buɗe yake, ko tana iya haɗiya. Aka ce eh. Ta ce ta ruga shagon gahawa mafi kusa ta kwaso sukari ta dama a ruwa, ta ba ta kaɗan-kaɗan, in an samu lemon kwalba mai zaƙi ma ya yi. Ta ce ta tare ta da jikinta kada mutane su taru a kanta, don in ta farfaɗo ta ga ana kallon ta, wannan zai fi ciwon yi mata zafi. Sannan ta sa aka kara wa tsohuwar waya a kunne, ta riƙa yi mata magana da Larabci a hankali, ya Sitti, ya Sitti, ni ce, sha kaɗan. Hawaye na zuba tana sharewa da bayan hannu.

Da ƙyar aka yi minti goma, muka ji muryar Sitti ƙasa-ƙasa tana tambaya wa ya zubar mata da ruwa a riga. Mastura ta zame ta zauna a ƙasa.

A nan ne ta tuna da kanta. In Madam Tahani ta ji cewa daga Jidda aka gano, tambayar farko da za ta yi ita ce me ya sa ba a faɗa ba tun kafin tafiya. Saboda haka ta ce wa Fatouma kada ta ce ita ta kira. Ta ce ta gaya musu ita ce hankalinta bai kwanta ba ta sauko. Fatouma ta ce ita ba ta son cin yabon da ba nata ba, Mastura ta daka mata tsawa ta ce halas, haka za a yi.

Haka kuwa aka yi. Da yamma Madam Tahani ta turo doguwar murya tana yabon Fatouma, wai Allah ne ya sa da ita aka tafi, yarinya mai ido, daga saman hasumiya jikinta ya ba ta. Ta ce an kai Sitti wurin likita ya duba ta, lafiya lau. Mastura ta saurara har ƙarshe, ta amsa da masha Allah, Allah ya yi mata albarka, muryarta kamar ta mai mura. Sauran kwana goman hotuna suka ci gaba da zuwa, garin da ake yawo a kwalekwale, hasumiyar da ta karkace, amma ta daina buɗe su da yatsa biyu. Na so in tsokane ta in ce ga abin da ƙyashi ke jawowa, na ga ba ta da inda zan taɓa.

Ranar da suka dawo ta sa ɗaya daga cikin sababbin abayoyin ta tafi Abhur tun safe. Ta gyara ɗakin Sitti, ta turara shi, ta jira a bakin ƙofa. Fatouma ce ta turo keken daga mota. Aka yi gaishe-gaishe, aka raba tsaraba, ita ta samu gyale da ƙaramar hasumiya ta roba. Madam Tahani ta sake ba da labarin rijiyar a gabanta, da ƙari, Fatouma na sunkuyar da kai. Mastura ta ce min duk wannan ta shirya masa, ta haɗiye shi.

Abin da ba ta shirya masa ba sai da aka watse. Ta kai Sitti ɗaki, ta durƙusa tana cire mata takalmi, su biyu kaɗai. Tsohuwar ta daɗe tana kallon ta, sannan ta ce ta ji muryarta a ranar, hankalinta bai gushe ba har can. Ta ce kuma ko ba ta ji ba, ta san a duniya mutum ɗaya ne ya san abin da ke cikin jakarta. Mastura ta ɗago da murna, tana zaton godiya ce ke tafe.

"Na ji kin koya mata har naɗin ɗankwali," in ji Sitti. "Wannan ɗin fa, mantawa kika yi?"

Mastura ta ce min ta buɗe baki za ta ce eh, amma ta kasa, domin shekara goma sha tara ba ita kaɗai ke karanta fuskar wata ba. Ta sunkuyar da kai, takalmin na hannunta.

Sitti ta ce ba za ta gaya wa Tahani ba, ba kuma za ta gaya wa ɗanta ba. Mastura ta rufa mata asiri shekara da shekaru, ita ma za ta rufa mata wannan. Ba wanda zai kore ta daga gidan muddin tana da rai. Sannan ta janye ƙafarta a hankali daga hannunta, ta gyara zama.

"Lokacin allura ya yi," ta ce. "Kira min Fatouma."

Mastura ta ajiye takalmin a inda take ajiye shi kullum, ta fita ta kira ta.